Wanda Ya Riƙe Barkonon Abba

Ku yi min uzuri, yau babu doguwar gaisuwa. Ina rubutun nan cikin ɓacin rai. Masu turo min saƙo kuna cewa in daina jan aji in amince da Injiniya tunda mutumin kirki ne, ku gyara zama, da ku nake.

Ga wanda bai san ni ba, ni kaɗai ce 'ya mace a gidanmu. Yayana yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai mu ji muryarsa a waya. Ni kuma a shagon tabarau nake aiki, ni ke zaunar da mutum gaban allo in sa shi karanta haruffa, in yi ta canza masa gilashi har ya daina yamutsa fuska. Injiniya ɗan ƙawar Gwaggo ne, yayar Abbanmu. Ita ta kawo shi gidanmu, ita ke tallarsa kamar wadda aka ba kashi a ciki. Ban taɓa cewa ba na son sa ba. Cewa na yi a bar ni in san shi tukuna. To a wurin Gwaggo wannan maganar kanta rashin kunya ce.

Tun bara Abba yake fama da jinya. Magungunan da ake ɗura masa a asibiti suka ƙwace masa ɗanɗano gaba ɗaya. Ya ce duk abin da ya sa a baki kamar jiƙaƙƙen kwali yake ji. Mutumin da a da idan Umma ta makara da girki sai ya leƙo kicin yana buɗe tukwane yana cewa ya zo duba lafiyarsu, shi ne ya koma sai a yi ta lallashi kafin ya kai cokali baki. Har sai da Umma ta ƙara wa bel ɗinsa huda da ƙusa. Likita ya ce mana mu bar ƙa'ida, duk abin da bakinsa ya karɓa mu ba shi, don jikin da babu abinci ba zai ɗauki magani ba.

Wata rana ina ba shi shinkafa sai ya ce shi da zai samu miyar barkonon nan ta kwalba da yake ci lokacin yana aiki, yana jin zai iya cin abinci. Ya ce ba zafi kawai gare ta ba, akwai ɗan tsami, akwai ƙamshin hayaƙi a ƙarshe. Umma ta gwada yi, ta niƙa, ta soya, har muka yi ta atishawa a gidan. Ya taɓa ya ce wannan faɗa ne kawai, babu hira. Garin barkono kuwa tari yake sa shi.

Daga nan na shiga gari nema.

Duk ranar hutuna a ƙafa nake ƙare ta. Na fara da manyan kantuna, masu sanyi da keken turawa. Kwalabe ga su nan reras, jajaye, masu hoton wuta da ƙoƙon kai, kai ka ce guba ake sayarwa. Na kwaso kala-kala. Wata ruwan tsami ce zalla da aka yi wa kala. Wata sukari ya yi mata yawa kamar za a shafa a burodi. Wata kuma ka girgiza ta ka ji tana ƙara kamar ruwan famfo. Abba yakan lasa, ya dube ni da tausayi, ya ce, “Sannu Uwata, kin yi ƙoƙari.” Wannan sannun ta fi zagi ciwo a wurina.

Da na gaji da kantuna na koma ƙananan shaguna na cikin unguwanni. A nan na koyi abubuwa. Na koyi ɗaga kwalba a hasken rana in duba ko akwai 'ya'yan barkono a ciki. Na koyi cewa idan mai ya ɗan taso sama, an soya da gaske. Na koyi duba murfi ko ya kumbura, da tambayar yaushe aka yi, da barin duk shagon da ya jera kwalabensa a bakin taga rana tana dukansu. Na kuma gane cewa mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya jin haushi idan ka ce zai ba ka ka ɗanɗana. Harshena ya soye, takalmina ɗaya ya tsinke a wata unguwa har na dawo gida da silifas ɗin aro. Duk wannan lokacin Injiniya yana turo min saƙo irin su: “Gimbiya, kina wahalar da kanki a rana. Ki huta mana.” Ko sau ɗaya bai ce in zo ya kai ni ba, ga shi da mota mai sanyi.

A wurin aiki Allah ya kawo mafita. Wani dattijo direban babbar mota ya zo a canza masa tabarau. Yana laluben tsohon gilashinsa a aljihu yana fito da tarkace yana zubewa a teburina, makullai, asuwaki, sai ga wata 'yar kwalba da jan abu a ciki. Na tambaye shi mene ne. Ya yi dariya ya ce matarsa ta biyu ce, da ita yake tafiya ko'ina, don abincin hanya sai da ita yake shiga. Na roƙe shi ya buɗe. Wallahi tun kafin in kai hanci ƙamshin hayaƙin ya iso. Ya yi min kwatance: bayan layin masu faci, lungun da ke kusa da injin niƙa, shago mai koren ƙofa, wata mata ce ke yi da hannunta.

Na je ranar hutu. Shagon ɗan ƙarami ne, kanta ɗaya, fanka ɗaya mai kuka, amma tsaf-tsaf. Matar doguwa ce, ta ɗaura farin kyalle a kan zaninta. Ta ce mai hayaƙin ta ƙare, kuma ba kullum take yin ta ba, don sai ta shanya barkonon a kan wuta a hankali kafin ta niƙa. Ta kankaro min ɗan abin da ya rage a gindin kwalba ta shafa a guntun burodi. Ina taunawa na ji hawaye ya taho min, rabi na zafi, rabi na murna. Ta ce in dawo tsakiyar mako, sabuwa za ta sauka.

Tsakiyar mako ina wurin aiki, mai shagonmu ba ya nan, babu halin fita. Sai na tura wa Injiniya kwatancen dalla-dalla, har da koren ƙofar, na roƙe shi ya biya ya karɓo. Ya amsa da hoton zuciya da “An gama, ranki ya daɗe.”

Da yamma na dawo gida na tarar da falo cike da murna. Abba yana zaune a kan kujerarsa ta kusa da taga, faranti a cinyarsa, goshinsa ya yi gumi, yana ci. Yana ci da gaske, har yana goge gefen farantin da cokali. Umma tana tsaye bakin labule tana share ido da gefen mayafi. Injiniya ya hakimce cikin farin yadi mai guga kamar wuƙa, agogonsa yana ƙyalli, turarensa ya danne ƙamshin abincin. Ina shiga na ji yana ba Gwaggo labarin yadda ya karaɗe gari, ya shiga lunguna, ya yi tambaya har wurin masu faci kafin ya dace.

Na tsaya da jakata a kafaɗa ina kallonsa. Ya ɗago ya yi min murmushi, ko ƙifta ido bai yi ba.

Abba yana cin abinci, me zan ce? Na faɗa wa zuciyata ai ba don a yaba min na yi ba. Gwaggo kuwa ta samu abin yi. A daren ta cika guruf ɗin gida da saƙon murya, tana cewa ga ɗan albarka ya yi abin da 'ya'yan cikin gida suka kasa. Yayana ya turo hoton tafi. Ni na kifa wayar na yi kwanciyata.

Daga ranar ya zama shi ne mai kawo barkono. Kwalba ɗaya yake kawowa, ƙarama, kada ta wuce 'yan kwanaki. Idan ta kusa ƙarewa Umma ta kira shi da muryar lallashi, ya zo ya zauna a falo, a kawo masa lemo, a turo ni in gaishe shi. Na taɓa cewa ya riƙa kawo da yawa mana a huta. Ya ce matar ba ta yarda, rabawa take yi. Na yarda. Abba ya fara maida jiki, har ya fara fita ƙofar gida da yamma yana gaisawa da maƙwabta. Ni kaina, kada in yi muku ƙarya, zuciyata ta fara saukowa. Na ce mutumin da ke jelar nan saboda mahaifina, ko da ɗan son a yabe shi, ai ba a rasa alheri a tare da shi ba.

Sai ya je wurin aikina.

Ban ma san ya zo ba, ina ciki da wata yarinya da ke kuka ba ta son tabarau. Da na fito mai shagonmu ya kira ni ofis, ya ce ashe abin alheri ya kusa, ya taya ni murna, amma da na sanar da shi da wuri don ya fara neman wadda za ta maye gurbina. Na ce wane gurbi? Ya ce ai wanda zai aure ni ya zo ya gaishe shi, ya shaida masa cewa da an yi biki zan ajiye aiki.

Na fita bayan shago na kira shi. Ban ɗaga murya ba, don akwai mutane. Na tambaye shi yaushe na ce zan aure shi, kuma yaushe aka naɗa shi mai magana da bakina. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, Gwaggo ta riga ta ba shi tabbaci, shi kuma ba ya son matarsa tana taɓa fuskar maza da sunan gwada gilashi. Na kashe wayar. Na daina ɗaga kiransa, na daina buɗe saƙonsa, sai dai in ga kansu yana leƙowa a saman allo. “Fushi bai kama ki ba.” “Gimbiya.” “Za ki neme ni ne.”

A cikin wannan makon kwalbar ta ƙare.

Umma ta kira shi. Ya ce wallahi ya je, matar ta ce babu, barkonon ya yi wuyar samu, sai dai a yi haƙuri. Aka yi haƙuri. Na dawo da kwalaben kanti da suka rage a firij, Abba ya kawar da kai. Umma ta sake gwada nata, ya ci loma kaɗan don kada ta ji babu daɗi. A kwanakin nan na ga mahaifina yana komawa baya a kan idona. Ya daina fita ƙofar gida. Wata safiya zai tashi daga kujera jiri ya kwashe shi, da ban tare shi ba da ya bugu da tebur. Da na riƙe damtsensa sai na ji yatsuna sun kusa haɗuwa. Ranar zuwa asibiti aka ce jikinsa bai yi ƙarfin da za a ɗura masa magani ba, a dawo wani lokaci.

Gwaggo ta zo, ta same ni ina guga a ɗaki, ta zauna a bakin gadona ba tare da ta cire takalmi ba. Ta ce ita dai ta san da ban ɓata wa yaron mutane rai ba, da ya juya garin nan sama da ƙasa ya samo. Ta ce namiji ba ya wahala a kan gidan da ake wulaƙanta shi. Ta ce in duba halin da ubana yake ciki in ajiye girman kai, kalmar haƙuri ba ta taɓa kashe kowa ba. Na yi ta goga hannun riga ɗaya har ya fara ƙauri.

Bayan ta fita na buɗe saƙonninsa, da niyyar in yi abin da ta ce. Har na rubuta “Ka yi haƙuri.” Sai idona ya sauka a kan na ƙarshe da ya turo da safiyar ranar:

“Idan kin sauko mun yi magana, gobe zan zagaya wajen matar nan. Ina jin za a dace.”

Na karanta, na sake karantawa. Mutumin da ya ce babu, ta ina ya san gobe za a dace? Kuma me ya haɗa saukowata da barkonon wata mata a bayan layin masu faci? Na goge abin da na rubuta.

Washegari na roƙi rabin yini a wurin aiki. Ban ko canza kaya ba, da doguwar rigar aikin ruwan toka na tafi, na yafa baƙin mayafi a kai. Rana tana tsakiya, injin niƙa yana ta ihu, lungun duk ƙurar gari. Ina shiga shagon na gan su. A saman kanta ta baya, an jera su an rufe da tsumma, amma gindinsu a waje yake. Jajaye masu duhu, mai ya taso sama.

Matar ba ta gane ni ba, sau ɗaya ta taɓa ganina. Na ce ina son mai hayaƙi. Ta ce babu. Na nuna kantar. Ta ce waɗancan da mai su, wani bawan Allah ne ya saye duk wadda ta yi, ya bar mata ajiya, yana zuwa yana ɗaukar ɗaya-ɗaya. Da yake mai son hira ce, ta ci gaba tana goge kanta tana ba ni labari. Ta ce yaron kirki ne, surukinsa ne ba shi da lafiya, likita ya ce a taƙaita masa yaji, amma matan gidan ba sa jin magana. Shi ya sa ya roƙe ta ko wani ya zo daga gidan, musamman wata budurwa, ta ce babu.

Na tambaye ta yaushe rabonsa da zuwa. Ta ce ya kwana biyu, amma ya kira ta cikin makon nan ya ce ta ci gaba da ajiyewa, ba yanzu ba.

Ban san lokacin da na zauna a kan buhun da ke gefen ƙofa ba. Na fito da waya na nuna mata hoton Abba na bara, cikin babbar riga yana dariya. Na nuna mata wanda na ɗauka a asibiti, yana barci a kan benci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Ni ce budurwar,” na ce mata. “Wannan ne surukin. Likita bai hana shi komai ba. Barkonon nan naki ne kaɗai ke sa shi cin abinci.”

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Sai ta ajiye tsummanta ta yi salati a hankali. Ta ce na kan kanta amana ne, ba za ta taɓa ba, ya zo ya kwashi kayansa kuma kada ya ƙara tako mata shago. Ta shige ciki, ta fito da babbar kwalba ta cikin gidanta, wadda ta ɗibar wa 'ya'yanta, ta naɗe a jarida ta sa min a jaka. Ta karɓi lambata ta ce duk ranar da ta sauke sabuwa ni za ta fara kira. Har bakin lungu ta rako ni tana cewa in yafe mata. Na ce ba ita ta yi min ba.

Ina shan kwanar layinmu na ga motarsa a ƙofar gida, an wanke ta tana sheƙi. Ashe Gwaggo ta kira shi don a yi mana sulhu. Na shiga da sallama. Yana kan doguwar kujera cikin yadi ruwan sararin samaniya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga kwalin lemo da ya kawo a tsakar falo. Abba yana kujerarsa an rufa masa bargo a ƙafa, duk da zafin ranar nan. Gwaggo ta ce yauwa ga ta nan, in zo in zauna. Na ce ina zuwa.

Na wuce kicin. Na ɗumama shinkafa, na soya ƙwai, na zuba barkonon a gefe. Na kawo na durƙusa gaban Abba na ɗora masa tire. Ƙamshin ya riga ni magana. Abba ya dubi farantin, ya dube ni, ya ɗauki cokali. Na ajiye babbar kwalbar a kan tebur, daidai gaban Injiniya, na zare jaridar a hankali.

Na ga ƙafarsa ta sauko daga kan 'yar'uwarta.

Gwaggo ta fara murna tana cewa ashe ya samo, shi ne bai faɗa ba. Na ce ba shi ya samo ba, yau ma da farkon ma. Na faɗi komai a tsaye. Direban, kwatancen da na tura masa, kwalaben da ke ƙarƙashin tsumma, ƙaryar da ya jingina wa likita, da kiran da ya yi cikin makon nan ya ce ba yanzu ba. Na ce idan akwai inda na ƙara ko na rage, ga shi zaune, ya gyara min.

Ya gyara agogonsa. Ya ce an yi masa mummunar fahimta. Ya ce shi ya saye ne don kada wasu su riga mu. Na ce to me ya hana ka kawowa? Ya ce ransa ne a ɓace, kuma yana so in gane cewa zaman duniya sai da juna, bai yi zaton abin zai kai haka ba. Gwaggo ta karɓe, ta ce ai duk cikin so ne, yaro ne ya yi dabara don ya shawo kan abin da yake ƙauna, kuma ni ce na kai shi bango.

“Dabara,” na ce. “Gwaggo, ƙaninki ne fa ya kusa faɗuwa a falon nan.”

Ta ce in iya bakina.

Abba ya ajiye cokali. Tunda ya kwanta ban ji ya yi magana mai ƙarfi ba, yanzun ma bai ɗaga murya ba. Ya kalli Injiniya ya ce, “Ranar da Ummansu ta kira ka, kana da shi a ajiye?”

Injiniya ya dubi Gwaggo.

“Ni nake tambayarka, ba ita ba.”

“Abba, wato abin da ya faru…”

“Tashi ka je,” in ji Abba. “Ka ɗauki lemonka.”

Ya tashi. Bai ɗauki lemon ba, Gwaggo ce ta sunkuce shi ta bi bayansa, tana cewa tunda an zaɓi a kunyata ta a gaban ɗan ƙawarta, ita da gidan nan sai dai a hanya. Abba ya ci gaba da cin abincinsa kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na kwashi jaridar na koma kicin.

Ina wanke kaskon ƙwai Umma ta shigo ta turo ƙofa. Na zaci faɗa za ta yi min. Sai ta jingina da firij ta ce na yi daidai, ita ma da ta sani da ba ta ƙara kiransa ba. Sannan ta ce kada in ga laifin Gwaggo da yawa, akwai dalilin da ya sa take gaggawa. Na ce wane dalili ne zai sa a yi ciniki da cikin mara lafiya?

Ta ce watannin baya, ranar da aka karɓo sakamakon hoton da aka yi wa Abba, ina wurin aiki. Likita ya zaunar da su ya ce ciwon ya bazu. Maganin da ake ɗurawa ba na warkewa ba ne, na ƙarin kwana ne da rage raɗaɗi. Ta ce Gwaggo tana so ne ƙaninta ya ga aurena da idonsa.

Ruwa yana ta zuba a kan hannuna ban rufe famfon ba. Na tambaye ta wa ya sani. Ta ce Gwaggo, da yayana. Abba ne ya ce kada a gaya min, wai ni ce ƙarfin gidan, idan na karye kowa ya karye. Ni da ke ba shi abinci a baki, ni da ke wanke masa ƙafa, ni aka mayar baƙuwa a gidan ubana. Na ce shi ke nan waɗanda suka sani?

Umma ta sunkuyar da kai.

“Injiniya ne ya kai mu asibiti ranar,” ta ce. “Yana tsaye a ofishin likitan aka faɗa.”

Ku da kuke ce min mutumin kirki ne, kun ji. Ya san kwanakin Abba ƙidayayyu ne. Ya san kowace loma tana da daraja. Da saninsa ya ɗaga waya ya ce wa matar nan ba yanzu ba.

Wayata ta yi ƙara a kan kanta. Shi ne. “Ina waje ban tafi ba. Akwai abin da ba ki sani ba game da Abba. Idan kin ji za ki gane me ya sa nake sauri. Fito mu yi magana.”

Har wannan ma yana so ya yi min ciniki da shi.

Na fizgi mayafina daga bayan ƙofa. Umma ta riƙo hannuna, na zare. Ban san me zan faɗa masa ba, na dai san duk layin nan sai sun ji. Na ratsa ta falo ban kalli kowa ba, har na kama hannun ƙofa.

“Uwata.”

Na tsaya, ban juyo ba, don ban gama gyara fuskata ba.

“Ƙyale shi ya yi ta zama a mota,” in ji Abba. “Zo nan.”

Na saki ƙofar. Na zo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, kaina a sunkuye. Ya sa yatsa ya ɗago haɓata, ya daɗe yana duba idona.

“Ummanki ta riga ni ke nan,” ya ce. “To rufe wayar nan. Sauran a bakina za ki ji.”